Kama da Wane Ba Ta Wane: Baƙon Intanet da Aka Ce Bobby Fischer Ne

Ranar Lahadi 9 ga Satumba, 2001, jaridar Sunday Telegraph ta Landan ta fito da labarin da ya tayar da ƙura tsakanin masu wasan ces (chess, wasa irin dara da mutum biyu ke yi a kan allo) na duniya. Nigel Short, babban gwanin Ingila, wanda ya kara da Garry Kasparov a neman kambun duniya a 1993, ya ce ya yi kusan shekara guda yana wasa a intanet da wani mutum da ba ya faɗin sunansa, kuma ya tabbata kashi 99 cikin 100 Bobby Fischer ne. Wasa wajen 50 suka yi, in ji shi. A zamansu na farko, cikin Oktoban 2000, baƙon ya lallasa shi 8 da nema.

Sai wanda ya san Fischer zai san nauyin wannan magana. Ba'amurke ne, an haife shi a Chicago a 1943, ya tashi a Brooklyn, ya samu muƙamin babban gwani (grandmaster) yana ɗan shekara 15. A gasar Amurka ta 1963 zuwa 1964 wasa 11 ya yi, ya cinye duka. A 1971, kan hanyarsa ta neman kambu, ya yi wa Mark Taimanov 6 da nema, ya juya ya yi wa Bent Larsen irin haka, alhali tsakanin manya yawancin wasanni canjaras suke tashi. A 1972, a birnin Reykjavik na ƙasar Ayislan, ya ƙwace kambu daga hannun Boris Spassky, kambun da bai bar hannun 'yan Tarayyar Sobiyet ba tun 1948. Daga nan kuma sai ya ɗauke ƙafa. Da lokacin kare kambu ya zo a 1975 ya gindaya sharuɗɗa, hukumar ces ta duniya, FIDE, ta karɓi wasu ta ƙi wasu, shi kuma ya ƙeƙasa ƙasa ya ƙi zama, aka miƙa wa Anatoly Karpov sarauta ba tare da an taɓa ɗa ko ɗaya a kan allo ba. Shekara 20 ba a ga Fischer a gasa ba. Ya sake ɓullowa a 1992 ya kara da Spassky a Yugoslabiya kan kuɗi dala miliyan 5, a daidai lokacin da ƙasar take ƙarƙashin takunkumi. Amurka ta fitar da sammacin kama shi. Bai sake taka ƙasarsu ba. Yau a ji yana Hungari, gobe Filifin, jibi Japan.

To, wannan ne mutumin da aka ce ya dawo, ba ta ƙofa ba, ta wayar intanet.

Wurin da abin ya faru shi ne Internet Chess Club, wanda aka fi sani da ICC, dandalin da manyan gwanaye suka fi taruwa a wancan zamani, kafin Chess.com da Lichess su zo. Kowa da laƙabinsa yake shiga. Akwai kuma damar shiga a matsayin baƙo, ba rajista, ba suna, sai wata lamba da za a maƙala maka, ka fita ta tafi. Wasan da aka fi yi a wurin shi ne na gaggawa, minti 3 ga kowane ɗan wasa, wanda agogonsa ya ƙare an cinye shi ko da shi ne ke kan gaba. Tun kafin Short ya yi magana raɗe-raɗi ke yawo cewa akwai wani baƙo da ke shigowa jefi-jefi yana yi wa gwanaye kaca-kaca.

Yadda Short ya ba da labari, wani ɗan tsakani ne ya tuntuɓe shi, ya tambaye shi ko yana son wasa da Fischer. Aka sa lokaci, aka ba shi kalmar da zai gane baƙon da ita. Baƙo ya zo, aka fara. Abin da ya fara ɗaure wa Short kai shi ne yadda mutumin ke buɗe wasa. Duk wanda ya koyi ces, darasin farko da ake ba shi shi ne ya tsare sarkinsa: a fito da dawakai, a kama tsakiyar allo, a kai sarki lungu a jera masa sojoji a gaba. Baƙon nan akasin haka yake yi. Sai ya ture sojan da ke tsare gefen sarki, ya fito da sarkin da kansa yana takawa gida ɗaya ɗaya zuwa fili, inda kowane ɗa na abokin karawa zai iya kai masa hari. A wani wasan ma duk sojojinsa ya tura gaba, kowanne gida ɗaya, kamar mai ɓata lokaci da gangan. Yaro ya yi haka a makaranta sai malami ya tsawata masa. Amma da wasa ya yi nisa sai baƙon ya rikiɗe, takunsa ya zama ba kuskure, ba jinkiri, har Short, wanda yake cikin ƙwararrun wasan gaggawa na duniya, ya rasa inda zai sa kansa. Ya faɗa wa jaridar cewa a ganinsa wannan mutum ya fi Kasparov ƙarfi a wasan gaggawa.

Tsakanin wasa da wasa suna ɗan taɓa hira a rubuce. Short ya ce mutumin yana da ladabi da barkwanci, rubutunsa na Ba'amurke ne, kuma ya san manyan 'yan wasan shekarun 1960 irin sanin wanda ya zauna da su. Bai tambaye shi kai tsaye ko shi ne Fischer ba. Sai ya ɗana masa tarko: ya tambaye shi ko ya san Armando Acevedo, wani ɗan wasan Meksiko da ba kowa ya san shi ba. Nan take amsa ta zo: "Siegen 1970." A garin Siegen na Jamus aka yi gasar ƙasashe ta duniya a 1970, kuma a can Fischer ya kara da Acevedo ya cinye shi. Short ya ce wannan ce hujjar da ta fi gamsar da shi.

A nan nake so mu daɗe, domin a nan lamarin ya karkace.

Hujjar gane mutum iri biyu ce. Akwai abin da mutum ya sani, akwai abin da shi kaɗai ya sani. Tambayar Acevedo ta faɗa kashi na farko, Short kuwa ya ɗauke ta a matsayin na biyu. Wasannin Fischer na gasa ba su da yawa idan aka kwatanta da na sauran zakaru, kuma an tattara su an buga a littattafai tun da daɗewa, kowanne da sunan abokin karawa, da gari, da shekara. A shekara ta 2000 kamfanin ChessBase na birnin Hamburg yana sayar da rumbun wasanni fiye da miliyan ɗaya a faifai. Ka rubuta Fischer a wani gurbi, ka rubuta Acevedo a ɗaya, kafin ka ɗauke hannu sakamako ya fito. Kuma dubi siffar amsar: sunan gari da shekara, daidai yadda ake rubuta kan wasa a rumbu. Dattijon da ake tuna masa abin da ya wuce shekara 30 ya fi kusa da ya ce, a'a, wannan ɗan Meksikon, ko ya ambaci yadda wasan ya kaya, ko ya tuna cewa a wannan gasar ce Spassky ya doke shi. Ban ce ba zai yiwu Fischer ya amsa da kalma biyu ba, mutum ne mai kaifin hadda. Abin da nake cewa, amsar da Fischer zai iya bayarwa, kuma duk mai faifai zai iya bayarwa, ba ta raba gardama. Duk wanda ya ɗaura aniyar yin sojan gona da sunan Fischer, abu na farko da zai ajiye kusa da hannunsa shi ne wasannin Fischer.

Haka zancen sanin mutanen shekarun 1960. An rubuta tarihin Fischer fiye da na kusan kowane ɗan ces, mujallu cike suke da labaran wa ya ce me a wace gasa. Rubutun Amurkanci kuwa, miliyoyin mutane ke yin sa, wanda ba Ba'amurke ba ma yana iya kwaikwaya.

Saura buɗe wasan nan na ban mamaki, wanda shi ne ya fi ba ni sha'awa, saboda hujja ɗaya ce amma kowane ɓangare ya ja ta gidansa. Masu cewa Fischer ne suna da abin faɗa. A 1996, a Buenos Aires ta Ajantina, Fischer ya gabatar da sabon salon ces inda ake cakuɗa jerin manyan 'ya'ya kafin a fara, jeri 960 ne ke yiwuwa, domin ya gaji da yadda gwanaye ke haddace taku 20 na farko daga gida. Ya sha faɗin cewa tsohon ces ya mutu. Don haka, in ji su, wa zai raina ƙa'idojin buɗe wasa haka in ba shi ba? Ga shi kuma a wasan gaggawa ba kanwar lasa ba ne: a Herceg Novi a 1970 ya tara maki 19 cikin 22, ya bar Mikhail Tal, wanda ya zo na biyu, da tazarar maki huɗu da rabi.

Sai dai a juya ta ɗaya fuskar. Ka ɗauka kai ne ke da manhajar ces mai ƙarfi a kwamfutarka, kana son ka kunyata babban gwani ba tare da an gane ba. Idan ka bar manhajar ta buɗe wasa, za ta bi sanannun hanyoyi, gwani ya san su, zai iya kulle wasan ya kai ka inda manhajojin wancan lokaci ba su da kaifi, wato wasan dogon shiri da ba a cin juna da wuri. Amma idan ka yi taku biyar ko shida na shirme da hannunka, riba uku ka ci. Ka fitar da gwani daga duk abin da ya haddace. Ka kwaɗaita masa kai hari, domin ganin sarki a fili ba ya barin ɗan ces ya zauna lafiya, hari kuwa yana buɗe allo ya mai da wasan lissafi tsantsa, inda inji ya fi ɗan Adam nesa ba kusa ba, balle a minti 3. Na uku, ka ba wasan kamannin hannun mutum, domin kowa ya san inji ba ya fito da sarkinsa yawo. Daga nan sai ka miƙa wa manhaja ragama. A tuna, wannan bayan kwamfutar Deep Blue ta doke Kasparov ne a 1997, kuma a 2002 manhajar Deep Fritz ta tashi 4 da 4 da zakaran duniya Vladimir Kramnik a Bahrain, a wasa mai dogon lokaci ma, ba na gaggawa ba. Manhajar da kowa zai iya saya a kanti ta isa ta yi wa kowane gwani 8 da nema a minti 3.

Masu bin diddigi sun yi abin da ya kamata a fara yi tun farko. Suka samo wasannin da aka danganta wa baƙon, suka zuba su a manhajoji, suna duba taku bayan taku. Frederic Friedel na ChessBase da marubucin ces ɗan Holan Tim Krabbé suna cikin waɗanda suka yi rubutu a kai, kuma inda bincike ya karkata shi ne: da zarar an wuce shirmen farko, takun baƙon na dacewa da zaɓin inji fiye da yadda hannun mutum ke yi. Ɗan Adam, komai gwanintarsa, yana da alamu. Yana kauce wa rikicin da ba ya bukata idan yana kan gaba. Yana yin taku mai sauƙi da sauri, ya tsaya tunani a mai wuya. Idan agogo ya matse shi yana zubar da ɗa. Fischer kansa an san shi da tsabtar wasa, ya fi son hanya miƙaƙƙiya, kuma kusan duk rayuwarsa da taku ɗaya yake buɗewa idan yana riƙe da farare, wato tura sojan gaban sarki gida biyu. Sarkin da ke yawo a tsakiyar allo yana tsira da ƙyar ta hanyar lissafin da ba ya kuskure ko sau ɗaya, wannan ba zanen hannunsa ba ne.

Akwai kuma abubuwan da ba sai an kunna kwamfuta ba. Shekarun Fischer 58 a lokacin, rabonsa da wasa a bainar jama'a shekara 9, kafin nan kuma shekara 20. Wasan minti 3 a intanet rabinsa saurin hannu ne a kan linzamin kwamfuta, abin da samari suka fi kowa. Fischer ne kuma mutumin da ya ƙirƙiro agogon da ke ƙara wa ɗan wasa 'yan daƙiƙoƙi bayan kowane taku, don kada kyakkyawan wasa ya lalace a rige-rigen lokaci, kuma da irin wannan agogo suka yi wasan 1992. A yi adalci, masu ɗaya ra'ayin suna da amsa mai ma'ana: abin da ya hana Fischer zama a gasa shi ne kyamarori da hayaniya da tsoron faɗuwa a gaban duniya, shiga a matsayin baƙo kuwa ya kawar da duk wannan. Na yarda hakan na iya sa shi sha'awar shiga. Bai bayyana yadda zai fi Kasparov ba.

Sannan ɗan tsakanin. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma idan aka samu wanda ba a san ko wane ne ba a cikin jerin, maganar ta raunana komai daɗinta. Duk abin da ya haɗa baƙon ICC da sunan Fischer ta bakin ɗan tsakani ya biyo. Short bai ga fuska ba, bai ji murya ba. Alhali akwai mutanen da aka san suna tare da Fischer a waɗannan shekaru: Spassky, da Eugenio Torre na Filifin wanda ya taimaka masa a wasan 1992, da iyalan Polgar da suka karɓe shi a Hungari, da Miyoko Watai ta ƙungiyar ces ta Japan. Tambaya ɗaya da aka karɓo daga ɗayansu, kan abin da ba a taɓa bugawa ba, me aka ci a gidan wane ran kaza, da ta fi tambayar Acevedo sau dubu. Short bai matsa ba, kuma ina ganin dalilin a fili yake: wanda ya samu abin da duniya ta yi shekaru tana nema ba ya son ya yi motsin da zai kore shi.

Ba na ganin Short a matsayin wawa, kuma ba daidai ba ne a ɗauke shi haka. Yana ɗan shekara 7 aka yi wasan Reykjavik, yana cikin dubban yaran da wannan karo ya ja su zuwa ces. Tsararsa duka sun girma da tambaya ɗaya da ba ta da amsa: da Fischer ya zauna da Karpov, ko da Kasparov, wa zai ci? Mutum irin wannan ya sha kashi 8 a jere, bayani biyu ne a gabansa. Ko dai gwarzon ƙuruciyarsa ne ya zaɓe shi daga cikin duk gwanayen duniya, ko kuma wani da ba a san shi ba ne yake kwafo taku daga inji yana masa dariya. Ba sai an yi dogon nazari ba a san wanda zuciya za ta fi karkata gare shi. Kuma gwaninta ba ta kare mutum daga wannan, wani lokaci ma ita ke ƙara jefa shi, domin gwani ya fi kowa sanin girman abin da ya gani a kan allo, sai ya nemo masa suna mai girman da ya dace.

Kwana biyu bayan fitowar labarin, ranar 11 ga Satumba, aka kai hare-haren New York da Washington. A ranar aka ji muryar Fischer ta gaskiya a gidan rediyon Bombo Radyo na Filifin yana murna da abin da ya faru, yana zagin Amurka da Yahudawa, maganganun da suka sa da yawa daga masoyansa suka sunkuyar da kai. Mutum na iya zama mai daɗin hira a keɓe, mai ɗaci a bainar jama'a, waɗanda suka zauna da shi sun faɗi haka game da shi. Duk da haka, wanda ya saurari wannan murya ya kuma karanta bayanin baƙo mai ladabi da barkwanci, dole ya ji tazarar. Daga baya, a wata hirar rediyo, an tambayi Fischer zancen wasa da Short a intanet, ya ce ba shi ba ne. Wasu suka ce ai dama ba zai amsa ba. Idan musun mutum ya zama hujjar cewa shi ne, to babu sauran abin da zai iya rushe zancen, kuma an bar fagen bincike ke nan.

Yau da irin wannan baƙo zai ɓullo, da wuya ya yi shekara. Manyan dandali suna tantance gwanaye da takardunsu ko da za su yi wasa da laƙabi, suna auna lokacin da kowane taku ya ci, suna kwatanta wasa da zaɓin inji kai tsaye. Kenneth Regan na jami'ar Buffalo ya yi shekaru yana gina lissafin gano maguɗi da FIDE ke amfani da shi. A 2021 wasu masu bincike sun nuna cewa manhaja na iya gane ɗan wasa daga cikin dubbai ta salon takunsa kaɗai, idan an ba ta wasanninsa 100, kuma tana dacewa kashi 98 cikin 100. Magnus Carlsen, tsohon zakaran duniya, ya yi wasa a Lichess da laƙabin DrNykterstein, har da buɗe wasa na shirme irin na baƙon ICC, amma shi an gan shi a bidiyo yana yi. A wasan Go kuwa, wani wasan allo na ƙasashen gabashin Asiya, wani mai laƙabin Master ya ɓullo a ƙarshen Disamban 2016 ya ci manyan gwanaye wasa 60 a jere, har da Ke Jie na Sin, ana ta hasashen wane ne, sai ranar 4 ga Janairu, 2017 Demis Hassabis na kamfanin DeepMind ya sanar cewa manhajarsu ce, AlphaGo. A nan masu abin ne suka fito da kansu suka faɗa.

Fischer dai an kama shi a filin jirgin Narita na Japan a Yulin 2004 kan batun fasfo, ya yi wata takwas a tsare, har majalisar Ayislan ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a Maris 2005. A Reykjavik ya ƙare rayuwarsa, ya rasu ranar 17 ga Janairu, 2008, yana da shekara 64, aka binne shi a wata ƙaramar maƙabarta kusa da garin Selfoss. Wasansa na ƙarshe da aka gan shi ido da ido yana yi a bainar jama'a shi ne na 30 a karonsa da Spassky, a Belgrade, cikin Nuwamban 1992. Shi ya ci, karon ya tashi 10 da 5, canjaras 15.